Robar Buta a Cikin Tayarod

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da ranar da aka damƙa mini amanar gawa na je na tsaya da ita a gefen titin Bompai da rana tsaka, saboda wani gyaran sitiyari da na yi da hannuna. Na daɗe ina riƙe da labarin nan a ciki. Waɗanda suka gani da idonsu sun yi mini kara, ba wanda ya taɓa tayar da zancen a gabana, kuma wallahi shirun nasu ya fi zagi ciwo. Shi ya sa yau na ce bari in tona wa kaina asiri da bakina.

Ina aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, inda ake buga buta da bokiti da kofuna. Ni ne mai gyaran injina. In inji ya tsaya, ni ake ƙwala wa kira, in zo da jakar sufanuna ina tafiya a hankali kamar likita. Tun shekarata ta farko ma'aikata suka laƙaba mini Injiniya (ban taɓa ganin ƙofar jami'a ba sai ta tagar mota, amma ban taɓa gyara wa kowa kiran ba). Sunan ya shiga kaina sosai. Fankar masallaci ta lalace, ni ne. Injin markaɗen maƙwabta ya ƙi tashi, ni ne. Har ta kai na daina iya furta kalmar "ban sani ba", ko da kuwa ban sanin ba ne.

Ina da wata tsohuwar mota mai dogon baya, irin wadda ake kwantar da kujerun baya a loda kaya. Ita ce abin alfaharina na biyu bayan sunan Injiniya. Wata bazara sai sitiyarinta ya fara wasa. Sai ka murɗa shi faɗin tafin hannu kafin taya ta san da ita ake. A kan miƙaƙƙen titi motar sai ta riƙa yawo, tana zuwa dama tana dawowa hagu, kana ta lallaɓa ta. In ka faɗa rami kuwa, sai ka ji ƙwas daga ƙasa ta wajen ƙafar direba. Tayar gaba ta fara cinyewa ta gefe guda. Duk na ga wannan, na kuma ji, amma na yi kusan wata biyu ina cewa iskar taya ce.

Wanda ya sa na tsaya na duba shi ne Baba Ya'u, wani tsohon bakanike da garejinsa ke ƙarƙashin darbejiya a bayan katangar kamfaninmu. Tare muke sallar azahar kullum. Ran nan na rage masa hanya, ko mita ɗari ba mu yi ba ya ce, "Injiniya, juya mu koma gareji."

Ya sa jak ya ɗaga gaban motar. Ya kama taya da hannu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya girgiza. Shiru. Ya ce, "To, ba boris ba ne, ba kuma boljoyin ba." Ya sake kama ta, wannan karon ɗaya dama ɗaya hagu, ya girgiza, sai ga ta tana rawa ƙwas, ƙwas. Ya ce in shiga in riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, shi kuma ya kwanta a ƙasa ya ɗora hannu a kan ƙarfen. Can ya kira ni in zo in taɓa da kaina. Ga wanda bai sani ba, tayarod shi ne ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya. A bakinsa akwai wani ɗan dunƙulen ƙarfe mai kai kamar ƙwallo, yana zaune a cikin gidansa. In gidan ya cinye, ƙwallon sai ya riƙa rawa, wannan rawar ce kake ji a hannunka. Nawa kuwa ya cinye har ana iya ganin motsin da ido.

"Wannan ba ya gyaruwa," in ji Baba Ya'u, yana goge hannu da tsumma. "Canza shi ake yi. Ka bar mini ita yau, gobe da safe ka ɗauka."

Ni kuma, maimakon in ce to, sai na yi wani ɗan murmushi (har yanzu ina jin kunyar murmushin nan fiye da maganar da ta biyo bayansa). Na ce, "Baba, ai babu abin da ɗan Adam ya ƙera da hannunsa da ba ya gyaruwa. Ku dai kun saba da cire wannan a sa wancan."

Dattijon ya dube ni na ɗan lokaci. Ya sauke jak ɗinsa, ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Injiniya."

Ba rashin hali ba ne ya hana ni canza ƙarfen nan, kada ma wani ya nema mini uzuri. Girman kai ne zalla. Na ga kamar in na bari bakaniken ƙarƙashin bishiya ya gyara mini mota a bayan katangar kamfanin da ake kira na Injiniya, mutuncina ya ragu. Ranar Asabar ana gab da tashi aiki na kwance bakin tayarod ɗin da kaina, na shiga da shi ɗakin gyaranmu. A kamfanin roba muna da wata al'ada: komai ya yi sako-sako, roba ce maganinsa. Ƙafar kujera, marfin tanki, ƙotar guduma, duk narka roba muke yi mu ɗura. Sai na je layin buta wajen Dauda, mai kula da injin, na ce ya ba ni ɓarɓashin da ke zuba a ƙasa. A watan nan buta ruwan ɗorawa suke bugawa. Ya ciko mini hannu biyu, ya ce, "Me za a gyara kuma, Injiniya?" Na ce masa wata 'yar dabara ce.

Na narka robar, na ɗura ta cikin gidan ƙwallon, na matse, na bari ta huce. Da na mayar na ɗaure, sitiyari ya yi tsam kamar na sabuwar mota. Ranar Litinin har na bi ta gaban garejin Baba Ya'u na danna masa hon, ina juya sitiyari da yatsa ɗaya. Ya ɗaga mini hannu kawai. Na yi mako uku ina yawo a haka, ina ganin na gano abin da masu ƙera mota suka kasa ganowa.

Shi Dauda ɗin nan mutumin wani ƙauye ne a bayan Ringim. Ba shi da yawan magana, ba ka taɓa jin muryarsa sama da ta inji. In na makara sallah, shi ke matsa mini wuri a sahu. In ya je gida ya dawo, sai na tarar da ƙullin gyaɗa a cikin jakar sufanuna ba tare da ya ce komai ba. Ina son sa, ina kuma ganin girmansa, ko da yake na girme shi. Zazzaɓi ya kama shi, kwana huɗu a asibiti, ranar Talata bayan sallar asuba aka bugo mana waya cewa Allah ya yi masa rasuwa.

Muka taru a gidan hayar da yake zaune. Aka yi masa wanka, aka sa masa likkafani, aka naɗe shi a tabarma. Limamin unguwar ya ba da shawara a sallace shi a nan a kai shi maƙabarta, tunda gaggauta jana'iza shi ne abin da aka fi so. Sai yayan mamacin, Malam Isa, wanda ke gadi a wani kamfanin fatu a Challawa, ya share hawaye ya ce, "Allah gafarta Malam, gaskiya kuka faɗa. Amma tsohuwarmu ta kira ni sau uku. Ta ce shekara guda ba ta sa shi a ido ba. Ta ce don Allah a kawo mata shi, ta zauna kusa da shi ta yi masa addu'a kafin a kai shi. Ban san yadda zan ce mata a'a ba."

Liman ya ce in dai za a isa da wuri, babu laifi. Aka shiga tambayar wace mota za ta ɗauke shi, don bas ɗin da ma'aikata za su shiga kujerunta a like suke da walda, babu wurin kwantar da mutum. Kafin kowa ya buɗe baki na miƙe. Na ce, "Ga motata. A kwantar da kujeru. Kafin a kira azahar muna can, in sha Allahu."

Aka yi ta sa mini albarka. Malam Isa ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya kira gida ya ce a fara haƙa kabari, a gaya wa Inna ɗanta na nan tafe kafin azahar. Baba Ya'u ma yana wurin, don shi ma abokin sahun Dauda ne. Ana shigar da gawar ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya.

"Ka canza ƙarfen nan?"

"An gama da shi tuni, Baba."

A raina na ce ai ban yi ƙarya ba, an gama da shi ɗin. Ku ji fa. Gawa a mota, ni kuma ina lauya da kaina.

Bas ta yi gaba, kan cewa za su sha mai a hanyar Haɗeja mu tarar da su. Muka biyo baya, ni a sitiyari, Malam Isa a gefena, wani ɗan garinsu a baya kusa da gawar. Muka ratsa gari ba wanda ke magana sai salati ƙasa-ƙasa. Tun daga wajen tashar jirgin ƙasa na fara jin wasan nan ya dawo hannuna, kuma ya fi na da. Na ce a raina, bari dai mu fita daga gari, titi zai gyaru. Ban ce wa kowa komai ba.

A Bompai abin ya faru. Wata tirela tana fitowa daga ɗakin ajiyar kaya, 'yan adaidaita sahu sun cika gefe, na kauce na faɗa wani rami. Na ji ƙarar ɓas. Sitiyari ya zama fanko a hannuna, ina juya shi kamar faifai. Tayar hagu ta kama gabanta, ta karkace waje, motar ta ja ƙasa da ƙara ta je ta tsaya bakin lambatu, saura kaɗan ta afka. Allah ne ya tsare, don a hankali muke tafiya. Na waiga baya na ga ɗan garinsu ya rungume tabarmar da hannu biyu don kada ta zame.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Lafiya, Injiniya?" in ji Malam Isa.

Na fito na leƙa. Ƙwallon ya fice daga gidansa, tayarod na reto a ƙasa. Duk wanda ya san mota ya san magana ta ƙare. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in kira bas su dawo, a nemi wata motar tun da sauran lokaci. Malam Isa ma har ya ciro waya. Ni na dafe masa hannu. Na ce, "Kada a tayar wa kowa da hankali. Minti goma ne."

Na kwanta a kan kwalta mai zafi da fararen kayan da na sa don jana'iza. Na ɗauko dutse na shiga dukan ƙwallon nan don ya koma gidansa. Mutane suka fara taruwa. Wani ya leƙa ta taga, ya ga abin da ke bayan motar, sai ya ja da baya yana salati, nan da nan magana ta zaga cewa gawa ce. Masu shayi da direbobin manyan motoci da leburori suka zo suka tsaya shiru. Wani direba ya ɗauko tampol ya rufa a kan gilashin baya saboda rana. Kowa na ƙoƙarin girmama Dauda, ni kuma ina ƙarƙashin mota ina bugun ƙarfe da dutse kamar mai fasa ƙwarar goruba.

Minti goma ya zama kusan awa guda. Da ƙyar ƙwallon ya shiga. Na ɗaure shi da wayar ƙarfe, na fito ina kakkaɓe riga, har da cewa, "Alhamdu lillahi, mu tafi." Jama'a suka tura mu muka hau titi. Ko tsawon katangar ɗakin ajiyar ba mu wuce ba ya sake ficewa. Wannan karon Malam Isa bai tambaye ni ba. Ya fita ya kira waya.

Kafin bas ta kutso cikin cunkoso ta dawo, an kira azahar. Rana ta yi zafi ƙwarai, sai dattawan wurin suka ce bai kamata a bar shi cikin mota ba. Aka fito da Dauda aka kwantar da shi a inuwar wani ɗan masallacin direbobi. Wani bawan Allah ya ce zai kai shi da babbar motarsa, amma ɗanyun fatu ya ɗauko zai kai Challawa, Malam Isa ya yi masa godiya ya ce a bari. Aka tare ƙananan motoci biyu, duk bayansu ya yi gajere. Wayar Malam Isa kuwa ba ta daina ƙara ba. Ina jin sa yana cewa, "Ku ce wa Inna muna hanya. E, muna hanya."

Ma'aikatan kamfaninmu suka sauko daga bas, su kusan goma sha biyar, Baba Ya'u a gaba. Bai dube ni ba. Ya tsuguna, ya kwance wayar da na ɗaure, ya ɗago bakin tayarod ɗin. Ya zura sukudireba a cikin gidan ƙwallon ya ƙwaƙulo. Sai ga gutsattsarin roba suna zubowa a tafin hannunsa, sun farfashe sun haɗu da baƙin giris. Ya miƙe tsaye, ya buɗe hannun a gaban kowa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar.

"Wane bakanike ne ya yi maka wannan aikin? Faɗa mini sunansa. Wallahi duk wanda ya ɗura roba a nan, ya sa mutane a mota, bai ji tsoron Allah ba."

Har yau ban sani ba ko ya gane ni ne, yana ba ni dama in faɗi gaskiya. In dama ce, na watsar da ita. A gaban gawa, da alwalata, na buɗe baki na ce, "Wani ne, Baba, a can wajen Na'ibawa."

Sai Lawan, wanda ke aiki a inji ɗaya da Dauda, ya matso. Ya ɗauki gutsure ɗaya daga hannun Baba Ya'u, ya goge shi a jikin rigarsa. Launin ya fito fes, ruwan ɗorawa. Ya juya shi, ya kai hanci. Mu 'yan kamfanin roba muna gane robarmu kamar yadda mai tuwo ke gane tuwonta. Bai yi maganar da mugunta ba, mamaki ne kawai ya fito da ita.

"Wannan ai robar layinmu ce. Ita muka buga wancan watan, ni da marigayi." Ya ɗago ya dube ni. "Injiniya, ba ita ce Dauda ya ɗebar maka ran Asabar ɗin nan ba?"

Ba wanda ya yi dariya. Da ma an yi, da na samu abin riƙewa. Mutum goma sha biyar da nake wa tsawa in sun taɓa inji ba da izinina ba, duk suka sunkuyar da kai, suna jin kunya a madadina. Na ce, "Ni ne. Ni na yi." Muryar da ta fito ban san ta ba.

Malam Isa ya dube ni, idonsa jajir. Na jira ya zage ni, ina ma roƙon ya zage ni. Sai ya ce, "Allah ya kyauta," ya koma ya zauna kusa da ƙaninsa.

Baba Ya'u ya ciro wayarsa. Ya kira wani mai sayar da kayan mota da ya sani, ya kwatanta masa abin da yake so. Na farkon da aka kawo a adaidaita sahu bai yi daidai ba, sai da aka koma aka sake. Kafin a dawo ya ɗaga ɗaya ɓangaren ya girgiza tayarsa dama da hagu, ya ce ita ma ta fara rawa, a haɗo biyu. Wani ya ce, "Baba, lokaci fa." Ya ce, "Na sani. Amma ba zan ɗora gawa da masu rai a hanyar Ringim da wannan ba."

Na tsaya ina kallon yadda ake aikin da na raina. Da zai kwance tsohon ƙarfen sai da ya ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya fita, ya ɗaura sabon daidai wannan adadin, don kada ƙafar motar ta karkace. Ya ɗaure noti, ya zura fin ɗin da ke hana shi kwancewa, ya tanƙwara bakinsa. Ya sake girgiza kowace taya, ya sa aka kaɗa sitiyari yana taɓawa da hannu. Babu motsi. Duka aikin, ban da jiran kaya, bai kai lokacin da na ɓata da dutse ba. Na miƙa hannu zan taya shi riƙe sufana, ya ce, "Bar shi," ba tare da ya ɗago ba.

Aka mayar da Dauda cikin mota. Na nufi ƙofar direba, sai Malam Isa ya miƙo hannu, a hankali, ya ce, "Kawo makullin." Ya ba Baba Ya'u. Ɗan garinsu ya koma bas, ni aka ce in zauna a baya. Haka na yi tafiyar nan gaba ɗaya a takure kusa da Dauda, hannuna a kan tabarma ina tare ta duk lokacin da aka shiga rami. La'asar ta same mu a Gezawa, muka yi ta a gurguje. Ina kallon rana ta taga tana ta yin ƙasa, ina roƙon Allah ya riƙe ta kaɗan. Na yi kuka a bayan motar nan, ba na mutuwar Dauda kaɗai ba.

Muka isa rana ta yi ja. Kabari ya daɗe a haƙe, mutanen ƙauyuka sun zo tun azahar, wasu har sun gaji sun koma. Limamin garin ya tare mu tun daga bakin hanya, ya ce a yi sauri a sallace shi a rufe kafin rana ta kai ga faɗuwa. Aka shiga da shi cikin gida wajen tsohuwar. Ina tsaye a zaure, ina jin komai ta bayan zana. Na ji an ajiye shi. Na ji ta kira sunansa sau biyu, ta fara addu'a. Ba ta yi nisa ba na ji muryar wani dattijo yana cewa, "Inna, sai haƙuri, rana." Aka fito da shi. In na ce ta yi minti biyar da ɗanta, na yi ƙari.

Bayan an rufe shi an yi magariba, Malam Isa ya ce in zo Inna na son ganin mai motar. Na so ƙasa ta tsage. Na shiga na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta. Wata 'yar tsohuwa ce ƙarama, tana zaune a kan buzu, carbi a hannunta.

"Kai ne ka ba da motarka aka kawo mini shi?"

"Ni ne, Inna. Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa."

"Haƙuri sai ma'aiki. Isa ya ce hanya ce ta ba ku wahala. Sannu, ɗan nan. Ka sha rana saboda ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka."

Na dubi Malam Isa. Ya kawar da kai. Ashe bayan duk abin da na yi masa, rufa mini asiri ya yi a wajen uwarsa. Da na ce amin na tashi, da shi ke nan. Amma albarkar nan ta yi mini nauyi, na kasa ɗauka.

Na ce, "Inna, ba hanya ba ce. Ni ne. An ce in canza wani ƙarfe a motar na ƙi, na yi dabarar kaina. Da ya lalace kuma na hana a nemi wata motar. Ni na ɓata muku lokaci. Ku yafe mini."

Ta ci gaba da jan carbinta ɗaya bayan ɗaya. Na ji kamar shekara.

"To, ai ka kawo shi," in ji ta. "Na yafe maka, duniya da lahira." Ta ɗan tsaya, ta dubi wurin da aka ajiye tabarmar ɗazu. "Na dai so in ɗan zauna da shi."

Awannin da na kashe a Bompai ina kare sunana, ashe ba nawa ba ne, nata ne, kuma babu kasuwar da zan je in sayo mata su.

Har yanzu ina gyare-gyare, ba zan yi muku ƙarya ba, hali ba ya fita rana ɗaya. Ina gyara fanka, ina gyara dutsen guga, ina gyara duk abin da in ya lalace a inda yake zai zauna ya jira ni. Amma abin da ke da taya, yake ɗaukar mutane zuwa inda ake jiran su, na bar wa masu shi. Na kuma koyi cewa "ban sani ba" a shekarun da ya kamata a ce ni ke koya wa wasu, sai dai kuɗin makarantar ba ni na biya ba, wata tsohuwa ce a bayan Ringim.